Yadda Ake Gane Ingancin Kulawa a Gidan Kula da Tsofaffi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da iyalai suka fi yi, ko dai lokacin da suke neman gidan da za su kai dattijonsu wanda jinyarsa ta fi ƙarfin gida, ko kuma bayan sun kai shi hankalinsu bai kwanta ba. Wasu amsoshin sun ambaci dokoki da alkaluman wasu ƙasashe saboda a can ne aka fi tattara bayanai, amma abin da ake dubawa a jikin tsoho da hannun mai kula da shi iri ɗaya ne a ko'ina.

Mun ga gida mai kyan gini, ga furanni, ga falo mai sheƙi. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba. Fenti da kujeru ana sayensu rana ɗaya, kuma falon baƙi domin ku aka gyara shi, ba domin wanda zai kwana a ɗaki na ƙarshen baranda ba. Abin da kuke son sani shi ne wa zai juya mahaifinku da ƙarfe uku na dare, wa zai zauna ya ba shi abinci a hankali har ya ƙoshi, kuma idan ya danna ƙararrawa minti nawa za a yi kafin a leƙo shi. Duk waɗannan aikin hannun mutane ne. Saboda haka ku rage kallon bango, ku ƙara kallon ma'aikata da mazauna gidan.

Akwai dai abubuwan gini da ke da muhimmanci: ƙarfen dafawa a baranda da banɗaki, daɓen da ba ya santsi, isasshen haske da dare, ƙofar da keken marasa lafiya zai wuce, da hanyar fita idan gobara ta tashi wadda ba a tare ta da kaya ba.

Wane lokaci ya fi dacewa mu kai ziyarar gani da ido?

Ziyarar farko galibi da alkawari ake yin ta, wani jami'i zai zagaya da ku, ya nuna muku abin da yake so ku gani. Ku karɓe ta, ku yi tambayoyinku. Amma ku sake komawa ba tare da sanarwa ba, a lokutan da aiki ke yi wa ma'aikata yawa: da safe lokacin wanka da shiri, lokacin cin abinci, da yamma lis lokacin da masu cutar mantuwa suka fi rikicewa, da kuma ranakun ƙarshen mako da manyan jami'ai ba sa nan. Gidan da ya ƙi yarda ku dawo sai da sanarwa, ba kuma don wata cuta ta ɓulla ba, ya riga ya ba ku amsa.

Idan kun shiga, ku sami wuri ku zauna shiru na ɗan lokaci. Ku saurari ƙararrawar kira, ku duba agogo. Ku lura ko ma'aikaci yana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shiga ɗaki, ko yana kiran mutum da sunansa, ko yana sanar da shi kafin ya tura kekensa. Akwai ma'aikacin da zai rusuna ya daidaita fuskarsa da ta tsohuwa kafin ya yi mata magana, akwai kuma wanda zai riƙa hira da abokin aikinsa ta saman kanta kamar ba ta wurin. Ba a iya shirya wa baƙi irin wannan.

Me za mu duba a jikin waɗanda ke zaune a gidan?

Ƙananan abubuwa, domin su ake fara watsarwa idan hannu ya yi kaɗan. Farce: an yanke, ko ya yi zaƙo-zaƙo da datti a ciki? Baki: an wanke, ko leɓe ya bushe ya tsage, haƙoran roba kuma suna cikin kofi tun jiya? Tabarau yana fuska kuma an goge shi? Na'urar ji tana kunne da batir mai aiki? Tufafin na mutumin ne, sun dace da yanayi, ko kowa na sanye da rigar barci har azahar? Tsabtar baki ta wuce maganar ado, domin ƙwayoyin cutar da suka taru a bakin da ba a wankewa na iya bin yawu su gangara huhu su haddasa ciwon nimoniya.

Sai kuma yadda suke wuni. Idan kun tarar da mutum goma an jera su gaban talabijin, rabinsu na gyangyaɗi, kuka dawo bayan awa biyu kuka same su yadda kuka bar su, to ajiya ake yi, ba kulawa ba.

Mun ji zarnin fitsari a wani sashe. Mu soke gidan ke nan?

Ku dakata tukuna. Da yawa daga mazauna irin wannan gida ba sa iya riƙe fitsari, don haka wari na iya tashi a wani ɗaki na ɗan lokaci ya wuce. Ku sake bi ta wurin bayan rabin awa. Zarnin da ya kama katifu da kujeru da labule, wanda za ku ji a ko'ina kuma a kowace ziyara, shi ke nuna ana barin mutane cikin jiƙaƙƙen ƙunzugu. Ƙamshin turaren fesawa mai hawa kai ma abin tuhuma ne. Ku tambaya ko ana raka waɗanda ke iya tafiya banɗaki a kan lokaci, ko kuwa kowa ƙunzugu ake ɗaura masa don a huta. Haka ma robar fitsari: ana sa ta ne bisa dalilin lafiya, domin daɗewarta a jiki na jawo cutar mafitsara, ba don a rage wa ma'aikata wanki ba.

Ma'aikata nawa ya kamata a ce gida yana da su?

Idan tambaya ɗaya tak za a ba ku damar yi, wannan ce. Kusan duk matsalar da za ku karanta a ƙasa, daga gyambo zuwa faɗuwa zuwa rama, idan aka bi saiwarta ana tarar da ƙarancin hannu.

Ana auna wannan da yawan lokacin da kowane mazauni ke samu a rana. Wani binciken da aka yi wa gwamnatin Amurka a 2001 ya nuna cewa idan lokacin kulawa ya gaza kimanin awa 4.1 ga kowane mutum a rana, wanda minti 45 daga ciki na cikakkiyar nas mai rajista ne, matsaloli na ƙaruwa. A Ostareliya, bayan babban kwamitin bincike da ya miƙa rahotonsa a 2021, an wajabta wa gidaje samun nas mai rajista dare da rana daga Yulin 2023, an kuma sa ma'aunin minti 200 ga kowane mazauni a rana daga Oktoban shekarar, wanda aka ɗaga zuwa 215 a 2024. Waɗannan alkaluma matsakaici ne. Sashen da ke cike da waɗanda ba sa iya tashi ko ci da kansu yana buƙatar fiye da haka.

Ku ba za ku iya lissafa mintoci a ziyara ɗaya ba, amma kuna iya tambaya kai tsaye: mutum nawa mai kula ɗaya ke riƙe da su da safe, nawa da yamma, nawa da dare, nawa ranar hutu? Akwai nas a cikin ginin da dare ko sai an kira ta a waya? Idan wani bai zo aiki ba, wa ke maye gurbinsa? Ku yi hattara da amsar da aka haɗa masu girki da masu shara da na ofis cikin lissafi. Bayan kun ji ta bakin manaja, ku tambayi mai kula ɗaya a natse, “Yau mutum nawa ne a hannunki?” Idan lambobin biyu sun yi hannun riga, ta mai kular ce gaskiya.

An ce mu tambayi shekarun da ma'aikata suka yi a gidan. Me ya haɗa wannan da jinya?

Mai kular da ta daɗe da tsohuwa ta san ba ta son ruwan sanyi, ta san idan ta yi shiru da yawa to akwai ciwo, ta san gefen da ba ta iya kwanciya a kai. Ita ce za ta fara cewa “Yau Mama ba daidai take ba” kwana guda kafin zazzaɓi ya bayyana. Wannan sani ba ya shiga fayil, kuma idan ta bar aiki da shi take tafiya. Wani bincike da aka wallafa a 2021 bisa takardun albashin gidajen Amurka ya gano cewa a gida na tsaka-tsaki, sauyin ma'aikatan jinya a shekara ya kai kashi 94 cikin 100. Daga 2022 hukumar CMS, wadda ke sa ido a kan gidajen kula da tsofaffi a Amurka, ta fara wallafa wannan adadi ga kowane gida, tare da yawan ma'aikatan ƙarshen mako.

Ku tambayi yaushe manaja da shugabar nas-nas suka kama aiki. Gidan da ya canza shugabanni sau da yawa cikin ɗan lokaci akwai abin da ke korarsu. Ku kuma tambaya ko ana ɗora wa kowane ma'aikaci mutanen da ya saba da su, ko kullum ana jujjuya su, da kuma yawan dogaro da ma'aikatan haya na wucin gadi.

Gidan yana da taurari biyar a intanet. Mu dogara da su?

Ku fara da su, kada ku tsaya a kansu. A Amurka tsarin taurari biyar ya fara ne a 2008, ana ganinsa a shafin Care Compare, kuma ya ginu a kan abu uku: sakamakon binciken jami'an lafiya, yawan ma'aikata, da wasu ma'aunan lafiyar mazauna. A Ingila hukumar CQC mai sa ido a kan asibitoci da gidajen kulawa, wadda ta fara aiki a 2009, tana duba abu biyar, wato ko gidan na da aminci, ko kulawar na aiki, ko akwai tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa, da ko shugabanci na da kyau, sannan ta ba da ɗaya daga matakai huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza. Dole ne gida ya kafe sakamakonsa inda za a gani.

Inda gizo ke saƙar shi ne wani ɓangare na bayanan gidajen ne da kansu ke bayarwa. Shekaru da dama gidajen Amurka su ke faɗin yawan ma'aikatansu, sai daga 2016 aka tilasta musu miƙa bayanan da za a iya gwadawa da takardun albashi, kuma da aka fara amfani da su taurarin gidaje da yawa sun ragu. A Jamus tsohon tsarin ba da maki ya kai matsayin da kusan kowane gida ke samun “mai kyau ƙwarai”, har makin ya daina bambanta komai, aka maye gurbinsa a 2019. A ganina ƙaramin maki ya fi babban maki faɗin gaskiya: tauraro ɗaya gargaɗi ne da ya kamata a ɗauka, taurari biyar kuwa izini ne kawai na ku je ku gani da idonku.

Ra'ayoyin da mutane ke rubutawa a intanet su ma a karanta su da lura. Ku nemi ƙorafin da ke maimaita kansa daga bakuna daban-daban.

Mun samu rahoton masu bincike, amma yana da tsawo. Me za mu nema a ciki?

Da wuya a sami gidan da ba a rubuta masa laifi ko ɗaya ba, don haka yawan laifuka ba shi ne abin dubawa na farko ba. Ku duba nauyinsu: an cutar da wani, ko takarda ce ba a cike ba? Mutum ɗaya abin ya shafa ko sashe guda? Sannan ku jera rahotannin shekaru biyu ko uku ku ga ko laifi ɗaya ne ke dawowa. Ku duba kwanan watan ma, domin rahoton da ya tsufa, ko wanda aka yi kafin gidan ya canza mai shi, labarin wani gida yake ba ku. A ƙarshe ku ɗauki rahoton ku je wurin manaja ku tambaye shi abin da aka gyara. Wanda ya amsa da bayani dalla-dalla ya fi wanda ya ce masu binciken ne ba su fahimta ba.

Inda babu hukumar da ke wallafa irin wannan rahoto, ku nemi ganin lasisin gidan da takardun shaidar nas-nas, ku tambayi likitan da ke zuwa da ranakun zuwansa, da asibitin da ake kai mutum idan ta ɓaci.

Mene ne gyambon kwanciya, kuma fitowarsa na nufin sakaci ne?

Idan mutum ya daɗe a kwance ko a zaune ba motsi, nauyin jikinsa na danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa isa wurin, naman ya fara mutuwa. Cikin awoyi kaɗan abin ke farawa. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya, dunduniya, kwatangwalo, idon sawu, gwiwar hannu, kafaɗa da ƙeya. Ana kasa shi mataki huɗu: na farko fata ba ta fashe ba amma launinta ya sauya kuma ba ya komawa idan an danna, na biyu fata ta saluɓe ko ta yi bororo, na uku ramin ya kai kitse, na huɗu ya kai tsoka ko ƙashi. A fata mai duhu matakin farko ba ya fitowa ja, shi ya sa ake yawan makara. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko laushi fiye da kewayensa, don haka dole a taɓa da hannu, kallo kaɗai ba ya wadatarwa.

Gidan da ya san aikinsa yana auna haɗarin kowa tun ranar shigowa. Da yawa na amfani da ma'aunin Braden na 1987, mai duba abu shida: jin da fata ke yi, danshi, yawan tashi, iya juyawa, cin abinci, da gogayyar fata da shimfiɗa. Makin na kamawa daga 6 zuwa 23, kuma ƙarancinsa ne ke nuna haɗari. Ku tambayi makin mahaifinku da abin da aka tsara saboda shi. Abin da aka saba shi ne juya mutum kusan duk awa biyu, ko fiye da haka kaɗan idan akwai katifa ta musamman, a ɗaga dunduniya daga katifa, a riƙa busar da fata, a inganta abinci.

Ba kowane gyambo ne sakaci ba. Wanda ke gargarar ƙarshen rayuwa fatarsa na iya gazawa duk da kyakkyawar kulawa, wani kuma daga asibiti yake zuwa da nasa. Amma mafi yawansu ana iya kauce musu. Gyambon da ya kai mataki na uku kafin a sanar da iyali, wannan kam babu uzuri a kansa.

Mahaifiyarmu ta faɗi. Ba gara a ɗaure ta a kujera ko a sa wa gadonta ƙarfe ba?

A'a. Ɗauri na raunana ƙafafu, yana jawo gyambo da firgici, kuma wanda ya yi yunƙurin kuɓucewa ya fi jin mummunan rauni. Ƙarfen gefen gado ma ya yi ajalin mutane da suka maƙale tsakaninsa da katifa, wasu kuma sun haura shi sun faɗo daga sama. Dokar gyaran gidajen tsofaffi ta Amurka ta 1987 ta haramta ɗaure mutum, da igiya ko da magani, don horo ko don sauƙaƙa wa ma'aikata.

Faɗuwa na faruwa ko a gida mafi kyau, domin gidan da ke barin mutane su yi tafiya dole wani ya yi tuntuɓe. Abin auna gida shi ne abin da ya biyo baya. An kira ku nan take? An duba ko ta bugu a ka, musamman idan tana shan maganin tsinka jini? An binciki dalili, ko jiri ne daga magani, ko hawan jini ne ya sauka da ta miƙe, ko takalmi, ko duhu, ko kuwa ta gaji da jiran wanda zai raka ta banɗaki? Me aka canza bayan nan? Sauke gado ƙasa, hasken dare, raka ta banɗaki kafin ta matsu, da atisayen ƙarfafa ƙafa sun fi ɗauri amfani nesa ba kusa ba.

Tun da muka kai shi kullum barci yake, ba ya hira kamar da. Tsufa ne?

Kada ku yarda da “tsufa ne” kafin a bincika. Sauyin da ya zo cikin kwanaki ko makonni yana da dalili: cuta a mafitsara ko huhu, ƙarancin ruwa a jiki, ciwon da bai iya faɗa ba, baƙin cikin rabuwa da gida, ko magani. Ku nemi a ba ku jerin magungunansa na yau, ku gwada da wanda ya shigo da shi. Kowane sabon magani ku tambayi wa ya rubuta, don me, kuma yaushe za a sake dubawa.

Ku sa ido musamman a kan magungunan taɓin hankali irin su risperidone, olanzapine, quetiapine da haloperidol, waɗanda ake ba masu cutar mantuwa don su lafa. A 2005 hukumar FDA, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Amurka, ta yi gargaɗi mafi tsanani cewa sababbin irin waɗannan magunguna na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, ta faɗaɗa gargaɗin zuwa tsofaffin magungunan a 2008. A Ingila rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta cewa cikin mutum 180,000 masu cutar mantuwa da ake ba su, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma magungunan na jawo ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,800 a shekara. Akwai lokacin da ake buƙatarsu, idan mutum na cikin matsanancin firgici ko zai cutar da kansa ko wani, amma a ɗan ƙaramin adadi, na ɗan lokaci, bayan an gwada wasu hanyoyi, kuma da sanin iyali. Idan kuka ga an rubuta wa dattijo wata cutar ƙwaƙwalwa da bai taɓa yi ba tsawon rayuwarsa, ku tambaya. A 2023 CMS ta fara bin diddigin gidajen da ke liƙa wa mazauna irin wannan cuta don maganin da suke ba su ya fita daga lissafin da ake auna ingancin gidan da shi.

Kada dai ku tsayar da wani magani da kanku. Wasu idan aka yanke su farat ɗaya suna da nasu haɗarin, aikin likita ne ya rage su a hankali.

Ya za mu san yana cin abinci yana shan ruwa yadda ya kamata?

Ku zo lokacin cin abinci ku zauna. Mai buƙatar taimako ana zama kusa da shi a ba shi a natse, ko ana ajiye faranti a dawo a ɗauke shi yadda yake? An tayar da shi zaune sosai kafin a fara, an kuma bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama? Tari lokacin ci, ko muryar da ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, alama ce ta matsalar haɗiya, wadda ta yawaita ga masu shanyewar ɓarin jiki da masu cutar mantuwa, kuma tana buƙatar ƙwararre ya duba. Ruwa kuma ya kasance inda hannu zai kai, a kuma riƙa miƙa shi, domin tsofaffi ba sa jin ƙishi kamar matasa.

Sikeli ba ya ƙarya. Ku tambayi nauyinsa na kowane wata. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, ma'auni ne da ake ɗauka a matsayin babbar rama da dole a bincika.

Waɗanne alamu ke nuna ana cin zarafinsa?

Abin ya fi yadda ake zato yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa a binciken da aka yi a irin waɗannan cibiyoyi, kusan biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda, mafi yawa na baki da na muzantawa. Fatar tsoho na saurin tara jini, musamman a bayan hannu, don haka ba kowane tabo ne duka ba. Waɗanda ke tayar da hankali su ne tabo mai siffar yatsu a dantse, rauni a fuska, wuya, cikin cinya ko al'aura, shatin ɗauri a wuyan hannu, da raunin da bayaninsa ke canzawa daga baki zuwa baki. Ku lura idan yana razana ko yin tsit da shigowar wani ma'aikaci, ko ana hana ku keɓewa da shi, ko kuɗi da kaya na ɓacewa. Wani lokaci mai cutarwar wani mazaunin ne, kuma kare shi daga wannan ma nauyin gidan ne.

Idan mai cutar mantuwa ya ce an doke shi, kada ku kore maganar don yana mantuwa, kada kuma ku yanke hukunci nan take. Ku duba jikinsa, ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ku nemi a bincika. Idan akwai rauni ko haɗari a fili, ku kira hukuma ko 'yan sanda ba tare da jiran gidan ba.

Gida mafi tsada shi ne mafi kyau?

Ba lallai ba. Kuɗi na iya tafiya a ɗaki mai faɗi da ado, ba a albashi da horon ma'aikata ba. Ku dai karanta yarjejeniya da kyau: me kuɗin ya ƙunsa, me ake caji daban, yaushe ake ƙari, da wane dalili gidan zai iya cewa ku ɗauke mutuminku.

Muna da ta cewa a yadda ake kula da shi?

Kuna da ita, shi kuma ya fi ku, matuƙar yana iya bayyana ra'ayinsa. Kowane mazauni ya kamata ya sami rubutaccen tsarin kulawa nasa na kansa. A Amurka doka ta ce a yi na wucin gadi cikin awa 48, a kammala cikakken auna lafiyarsa cikin kwana 14, a riƙa sake dubawa duk wata uku ko idan yanayinsa ya sauya. Ku nemi a zauna da ku. Ku karanta tsarin ku ga ko mutumin da kuka sani ne a ciki: lokacin da yake son tashi, ko ya fi son mace ko namiji ya yi masa wanka, ibadarsa, abin da ke faranta masa, abin da ke tsorata shi, da burinsa game da jinya idan ajali ya matso. Idan za a iya cire sunansa a sa na maƙwabcinsa ba tare da an canza komai ba, tsarin bai yi ba.

Muna tsoron idan mun yi ƙorafi a huce a kansa. Ya za mu yi?

Tsoron na da tushe, amma shiru ya fi barinsa cikin haɗari. Ku fara da nas ɗin sashen, cikin mutunci, da magana takamaimiya: rana kaza, ƙarfe kaza, na same shi a jiƙe, na danna ƙararrawa, an ɗau lokaci kaza. “Ba kwa kula da shi” ba ta gyara komai. Idan ba a gyara ba ku rubuta wa manaja, ku riƙe kwafi, ku nemi ranar da za a ba ku amsa. Daga nan sai hukumar da ke ba gidan lasisi, ko jami'an sauraron koke masu zaman kansu inda ake da su, kamar waɗanda ake kira ombudsman a kowace jihar Amurka. Ku ƙara yawan ziyara a wannan lokaci, a sa'o'i mabambanta. Kuma idan mai kula ta yi abin kirki ku faɗa mata, ku faɗa wa shugabanta, domin sau da yawa ita ma ƙarancin hannun ne ke cin ta.

Yaushe za mu haƙura mu canza masa gida?

Ƙaura na da wahala ga tsoho, musamman mai cutar mantuwa da ya saba da fuskoki da hanyar banɗaki, don haka ba a yin ta saboda rigar da ta ɓata a wanki. Ana yin ta idan an tabbatar da cin zarafi kuma gidan na rufa-rufa, idan an yi muku ƙarya game da rauni ko magani, idan matsala ɗaya mai haɗari na dawowa bayan alkawuran gyara, ko idan jinyarsa ta kai inda gidan ba shi da ƙwarewar riƙe ta. Kafin ku sanar da tsohon gidan ku tabbatar da gurbi a sabon, ku duba wa'adin sanarwa da ke cikin yarjejeniya. Ku karɓi kwafin fayil ɗinsa, jerin magunguna da lokacin da aka ba shi na ƙarshe, da maganin da zai ishe shi kwanakin farko. Ranar da ya isa sabon wuri ku nemi nas ta duba fatarsa daga kai zuwa dunduniya a gabanku, ta auna nauyinsa, a rubuta duka a fayil.